Zan Sauko In Duba Birki

Daga ƙasa zuwa kujerar Mai Kiren, matakala ɗari da arba'in da biyu ce a jikin tsanin ƙarfe, kuma babu bandaki a sama. Wanda ya ƙera kiren, wato injin ɗaga kayan nan, ya tuna da gilashi ta kowane gefe, ya tuna da fanka, har da ƙugiyar rataye hula, amma ya manta cewa ɗan Adam ne mai hanji zai wuni a ciki. Shekara goma sha bakwai wannan mantuwa ba ta dami Mai Kiren ba. Yakan hau da sassafe, ya sauko cin abinci da rana, ya koma har a tashi. Manyan benaye bakwai ya ɗaga da hannayensa biyu bai taɓa fasa ko bulo ɗaya ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Sai cikinsa ya fara yi masa tawaye. Abin yakan soma da ƙugi, sannan murɗa a ƙasan cibiya ta hagu kamar ana matse wanki, sannan gumi mai sanyi ya keto masa a goshi. Daga nan minti biyar gare shi, tsanin kuwa minti shida yake ci in mutum yana son ƙafafunsa. Wani makon gudawa, wani makon kwana uku shiru, ciki ya kumbura har sai ya kwance bel. Ya sha maganin olsa, ya sha na tsutsa, ya sha wanda maƙwabci ya rantse ya yi wa surukinsa aiki. Cikin ya karɓi duka ba tare da godiya ba, ya ci gaba da abin da yake yi.

Mutum ɗaya ne a wurin ginin ya san halin da ake ciki: Auta, ƙanin matarsa. Auta shi ne idonsa a ƙasa. Direban kiren ba ya ganin rabin abin da yake ɗagawa. Da zarar kaya ya lula bayan gini, ya zama makaho, sai abin da mai riƙe da oba-oba, wato rediyon hannu, ya faɗa masa a kunne: hagu kaɗan, sassauta, tsaya. Mai Kiren ne ya kawo Auta aikin shekara tara da suka wuce, shi ya koya masa ɗaure kaya, shi ya riƙa zaunar da shi kan kujerar a lokacin hutu har ya samu lasisin tuƙi. Lasisin yana aljihun Auta shekara uku, ana ta jiran kamfani ya sayo kiren na biyu, kamfanin kuma yana ta cewa nan gaba kaɗan.

Da yake injiniya da manaja suna jin duk abin da aka faɗa a oba-oba, sai suka ƙulla wata magana tsakaninsu. In cikin ya motsa, Mai Kiren zai dire kayan da ke ƙugiya tukuna, bai taɓa barin kaya a rataye ba ko sau ɗaya, sannan ya ce, "Zan sauko in duba birki."

"To, Yaya," Auta zai amsa da murya irin ta mai aiki tuƙuru. In ya kashe oba-obar kuma, ya tarye shi a gindin tsani yana dariya. "Wannan birkin naka, Yaya, ko Anti ce take zuba masa mai da yawa?"

"Kauce mini, mara kunya. Je ka faɗa wa yayar taka, ka ga in za ka ƙara cin abincin gidana."

Matarsa ce ta tisa shi gaba zuwa wajen likitar hanji. Aka ɗebi jini, aka duba bayan gida, aka zura masa abin ɗaukar hoto inda bai so ba. Ranar karɓar sakamako likitar, wata mace mai tabarau da ba ta ɓata magana, ta jera takardun a gabanta.

"Malam, hanjinka lafiya lau. Babu gyambo, babu ƙari, babu jini."

Ransa ya ɓaci nan take. "To ƙarya nake yi ke nan, Likita?"

"Ban ce ba. Ciwonka gaskiya ne, kuma mutane da yawa suna fama da shi. Me kake yi a wurin aiki?"

Ya gaya mata, har da maganar oba-oba.

"Yawwa. To tsakanin ƙwaƙwalwarka da hanjinka ma akwai irin wannan, jijiyoyi ne, suna ta yi wa juna magana dare da rana. Naka an ƙure masa murya. Iska kaɗan ta motsa a hanji, sai ƙwaƙwalwa ta ji kamar gini ne ya rushe. Ƙwaƙwalwa kuma ta ɗan tsorata, sai hanji ya ji an ce a kwashe komai a fita. Ba ya kisa, ba ya rikiɗa ya zama wani mugun abu, amma yana iya hana mutum sakat. In ka taɓa ganin jini, ko ka fara ramewa, ka dawo a ranar. In ba haka ba, aikinmu shi ne mu gano me ke taɓa shi."

Ta ce ya sayi littafi. Duk lokacin da abin ya taso ya rubuta abu uku: ƙarfe nawa, me ya ci, me yake faruwa a lokacin.

A nan ne Mai Kiren ya yi kuskurensa, kuma kuskure ne irin na mai hankali. Hannayensa biyu suna kan sandunan tuƙi, in ciki ya murɗa kuwa babu mai neman biro. Amma ga mutum a ƙasa da agogo a hannu, wanda yake ganin kowane kaya, wanda ya san abin da aka ci don tare ake ci. Ya sayi littafi mai shuɗin bango ya danƙa wa Auta.

"In ka ji na ce birki, ka rubuta. Komai da komai, kar ka ji kunyata."

"Yaya, ashe na zama sakataren cikinka," in ji Auta, ya soke littafin a aljihun rigar aiki.

Ya kuwa rubuta, tsakani da Allah ya rubuta. Bayan mako shida Mai Kiren ya karɓi littafin ya kai wa likita. Ta bi layukan da bakin biro tana gyaɗa kai. Madara a shayi tana da laifi, wake ma, ɗanyar albasa ma. Amma ta fi daɗewa a kan layi na uku.

"Mene ne 'kaya bayan gini'? Na gan shi sau ashirin da huɗu cikin talatin da ɗaya."

Ya bayyana mata: ɗagawar da ba ya ganin kayan.

"Shekara biyu ka ce da farawar ciwon. Me ya faru shekara biyu da suka wuce?"

Ya buɗe baki zai ce babu komai, sai ya ji cikinsa ya yi ƙugi a gaban matar, kamar ya riga shi amsawa. Wata rana ce, ana ɗaga damin rodi bayan gini, ɗaurin wasu ne ba nasa ba, rodi ɗaya ya zame ya sauko tsaye ya kafe a ƙasa, taku ɗaya daga wani lebura da ke shan ruwa. Ba wanda ya ji ciwo. Aka yi ta barkwanci da leburan har mako guda. Mai Kiren ya yi dariya tare da kowa, bai gaya wa ko matarsa ba cewa har yau in ya rufe ido yana ganin rodin nan yana rawa a ƙasa.

"To ka ga," in ji likitar. "Kai ka ce ya wuce, cikinka bai yarda ba."

Ta ba shi ƙwayar da ke sassauta murɗa. Ta ce ya ajiye madara da wake da albasa na ɗan lokaci, sannan ya riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya don ya san mai laifin gaske. Ya riƙa cin kaɗan a kan lokaci, ya daina hawa da cikin da babu komai sai kofi. Ya riƙa takawa da ƙafa bayan an tashi. Kafin kowace ɗagawa ta bayan gini kuma, ya ɗora hannu a ciki, ya ja numfashi yana ƙirga huɗu, ya sake yana ƙirga shida, sau biyar. Mai Kiren ya ga abin kamar wasan yara, ƙato da shi yana hura ciki a sararin sama. Amma babu mai ganinsa sai tsuntsaye, don haka ya yi.

Abin ya yi aiki a hankali. Sau biyar a mako ya koma uku, ya koma ɗaya. Sannan aka yi kwana ashirin da uku cur ba a duba birki ba. Kullum da yamma kafin ya sauko sai ya danna oba-oba ya ce, "Sakatare, me ka rubuta yau?" Auta ya ce, "Babu, Yaya." Mai Kiren ya yi dariya shi kaɗai a cikin gilashi, yana jin kamar an mayar masa da shekara goma. Bai ga fuskar mai amsawar ba. Daga sama mutum hular kwano ce kawai mai ruwan ɗorawa.

Ran Litinin, ƙafarsa tana kan matakala ta farko, aka ce Manaja yana kira.

Ofishin kwantena ne mai taga ɗaya, da taswirar ginin manne a bango. Manaja ba mugun mutum ba ne, mutum ne dai da ke tsoron takarda fiye da komai. Ya turo wasu takardu a kan tebur bai ɗago ido ba.

"Zauna, Mai Kiren. Sau talatin da ɗaya cikin mako shida ka bar kujera. Aka ce mana birki. Na sa an kwance birkin nan sau biyu, ashe ba shi ne mara lafiya ba."

Kwafi ne da aka buga a inji. Mai Kiren ya san rubutun kafin ya karanta kalma ɗaya, ya san bakwai ɗin nan mai ɗamara a tsakiya. Ƙarfe goma da kwata, shayi da madara, kaya bayan gini, ya sauko da gudu. Har ranar da bai kai ba, ya aika Auta gida ya ɗauko masa wando, tana nan a rubuce. Shi ne ya ce kar a ji kunyarsa. Kunnuwansa suka ɗau zafi, ya riƙa juya takardun har ya kai ta ƙarshe.

"Sauran fa, Yallaɓai?"

"Wane saura?"

"Nan mako shida ya tsaya. Akwai mako biyar bayansa. Kwana ashirin da uku ban sauko ba ko sau ɗaya."

"Iyakar abin da aka kawo mini ke nan. Kuma tuni ya je babban ofis, sun sa hannu. In abin ya kama ka da tan biyu a kan mutane fa?"

"Ban taɓa barin kaya a rataye ba. Tambayi kowa."

"Na yarda da kai. Amma ba ni ke yanke hukunci ba. Ba korar ka aka yi ba, za ka riƙe oba-oba a ƙasa har likitan kamfani ya duba ka. Auta zai hau, tunda yana da lasisi."

Ya sami Auta a bayan tankin ruwa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Ba ni littafina."

Auta ya miƙo ba tare da ya miƙe ba. Littafin ya rame. Daga tsakiya zuwa baya an yage, sai zaren ɗinki da guntayen takarda a jiki.

"Yaya, wallahi tsoro nake ji. Kullum ina ƙarƙashin kayan nan. In wani abu ya faru, da wane ido zan kalli Anti?"

"Da tsoro ne da ni ka fara gaya wa. Da tsoro ne da ka kai littafin duka."

Auta ya saki igiyar takalmin. Da ya ɗago, babu sauran wasa a fuskarsa. "Shekara uku, Yaya. Furfura ta fara fito mini ina cewa hagu kaɗan, dama kaɗan. Ɗana ya tambaye ni aikin me nake yi, na rasa abin faɗa. Kai ka yi sha tara a sama. Yaushe za ka sauko?"

"Ni na koya maka hawan."

"Na sani."

Mai Kiren yana da magana cike da baki, maganar shekara tara, ya shirya ta tsaf. Sai ya ji ƙugin. Sannan murɗar, a ƙasan cibiya ta hagu, da ƙarfin da bai taɓa ji ba. Kwana ashirin da uku suka tafi a banza a gaban mutumin da ya yage su. Dole ya juya ya bar Auta tsaye, ya nufi bandakin lebura yana taka ƙasa a hankali don kada a gane. A ciki ya jingina goshi da ƙofar kwano, ya yi abin da bai yi ba ranar rodi: ya yi kuka.

A gida matarsa ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan baki. Da ya ajiye littafin a kan tebur ta shafa wurin yagar, sai ta zauna a hannun kujera.

"Baban yara, ran Laraba Auta ya zo nan. Ya tambaye ni jikinka. Na ce masa ai ka warke, likita ma ta ce in ka koma mako mai zuwa da littafin nan za ta rage maka magani. Ina ta murna ina gaya masa." Ta dubi littafin. "Har ya ce Allah ya ƙara sauƙi."

Takardun da ke teburin Manaja an buga musu hatimin ranar Alhamis. Mai Kiren ya gani da idonsa. Watanni Auta yana yawo da ciwon Mai Kiren a aljihu bai kai wa kowa ba. Sai da ya ji an ce sauƙi ya samu ya yi sauri. Wannan ya fi yagar littafin ci masa rai, ya ji duniya ta yi masa ɗaci har a harshe.

"Ƙanena ne," in ji ta a hankali. "Ni na goya shi. Ban san me zan ce maka ba."

"Kar ki ce komai. Ba ke kika yage ba."

Likita ta rubuta wasiƙa mai kyau, Manaja ya aika da ita babban ofis, babban ofis ya haɗiye. Likitar ta gaya masa kada ya yi mamakin dawowar ciwon, ciwon da ya lafa sau ɗaya zai iya lafawa kuma. Ya sayi sabon littafi, baƙi. Yanzu da yake ƙasa hannayensa sake suke, shi yake rubuta abinsa. Makon farko layi na uku kalma ɗaya ce daga sama har ƙasa: muryarsa. Don kullum muryar Auta tana kunnensa tana cewa, "Yaya, na taho?" Shi kuwa hagu, dama, sassauta, tsaya, bai ƙara ko harafi ba. Sunan Mai Kiren ma ya bi kujera ya hau sama. Lebura suka koma kiransa Yaya, yadda suka ji a oba-oba. Ya ci gaba da numfashinsa, huɗu da shida, a tsaye cikin ƙurar siminti.

A mako na huɗu aka zo ɗora tankin ƙarfe a bayan hawa na tara, ga iska tana kaɗawa. Tun da tankin ya ɓace wa na sama, Yaya ya ji numfashi a oba-oba, gajere, mai sauri. Ya san irin numfashin.

"Yaya, kana nan? Ba na ganin komai."

Ya ɗaga kai ya dubi tankin yana lilo. Ƙarƙashinsa mutum huɗu suna jira da igiya.

"Ina nan. Tsaya cak, bari iskar ta wuce. Yanzu hagu kaɗan. Kaɗan na ce. Sassauta. Sassauta. Tsaya."

Tankin ya zauna a mazauninsa ko ƙara bai yi ba. Aka kwance ƙugiya. Oba-obar ta yi shiru, ta yi ƙara, ta sake yin shiru, kamar mai riƙe da ita yana dannawa yana saki. Sannan muryar ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Yaya... zan sauko in duba birki."

Injiniya ya ji, Manaja ma ya ji a cikin kwantenarsa, kuma yanzu babu wanda bai san ma'anar birki ba a wurin. Amma maganar ofis ba ta tafiya sai da takarda.

"Sauko," in ji Yaya.

Ya tsaya a gindin tsani yana jin takalma suna dukan ƙarfe, ɗari da arba'in da biyu, da saurin da ya sani. Auta ya diro jiƙe da gumi, hannu ɗaya a ƙasan cibiya. Sai idonsa ya faɗa kan baƙin littafin a buɗe a hannun Yaya, da biro a kai. Ya daskare a wurin, duk da abin da ke cinsa.

Yaya ya bar shi ya kalla sosai. Sannan ya juyo masa da shafin. Kwanan watan ranar ne, da kalma ɗaya a gabansa: babu.

"Wannan littafin cikin mutum ɗaya yake ɗauka, kuma mai cikin ne yake riƙe da shi."

"Yaya, don Allah, ni..."

"Minti biyar gare ka, ka ci shida a tsani." Ya rufe littafin ya mayar aljihu, ya matsa gefe ya ba shi hanya. "Wuce, Mai Kiren."

Tun ƙanin matar tasa yana ɗan shekara goma sha ɗaya Yaya yake kiransa Auta. Daga ranar bai ƙara ba, ko a gida.